Kujerar Baba Ilarie a Teburin Alhamis

Padova, Italiya, 22 ga Nuwamba

Sabin ɗan Gwaggo,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka Rodica da yara. Ni ma ina nan kalau, in ban da bayana da ke yi mini ƙorafi duk lokacin da na ɗaga Sinyora, wadda nake wa aikin jinya, daga gado. Tsohuwar nan a ido kamar iska za ta ɗauke ta, amma ka sa hannu ka ji.

Na ba Costel direba kwali guda. Akwai kofi, da man zaitun, da safa masu kauri na Baba. Na rubuta sunan kowa a jikin nasa, domin na san halinka, bara kofin Baba a cikinka ya ƙare. Ranar Lahadi na kira ka, ka jera mini "lafiya lau" ka kashe waya. Kai a waya kamar an ɗinke maka baki, sai a takarda kake zuba. Baba kuwa ko ɗauka ba ya yi, wai shi ba ya magana da wanda ba ya ganin fuskarsa. To ga takarda, sai ka zuba.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne Alhamis ɗin fita ta gabato. Kai ka ga Baba a hunturun da Mama ta rasu. Ka ga yadda ya juya fuska bango, ana ajiye miya ana ɗauke ta ba a taɓa ba, har wandonsa ya daina tsayawa a ƙugunsa. Ba likita ne ya tashe shi ba, ba kuma kukana ba. Teburin kartar pokan nan naku na ɗakin bayan ƙungiyar masu zuma ne ya tashe shi. Saboda Alhamis yake aske gemu, saboda ita yake goge takalmi. In aka raba shi da ita ban san abin da zai hana shi komawa gadon nan ba.

Har yanzu dokar tana nan? Kujeru tara, kuma a wasan ƙarshe kafin Kirsimeti duk wanda ya fara faɗuwa ya bar kujerarsa shekara cur ga wanda ke jiran layi? Wane mara imani ne ya kafa wannan doka ga tsofaffin da ko kuɗi ba sa wasa da shi, sai talotalo ɗaya a shekara? Ka ce mini a kakar nan Baba ya soma manta abin da aka zuba a wasa. Shi ya sa na kasa samun natsuwa.

Don Allah, Sabin, ka sa mini ido a kansa ranar. Ba ni da kowa a ɗakin nan sai kai.

Taka,
Dorina

Gura Humorului, 18 ga Disamba

Dorina 'yar Kawu, sarauniyar zargi,

Takardarki ta iso tare da kwali, kuma ki shaida kofin Kawu ya shiga hannunsa ba a fasa ba. Muna lafiya. Ƙaramin ya yi mura ya warke. Rodica na gaishe ki, ta sa miki zakuska, dakakken yalo da tattasai na kwalba, da cuku mai hayaƙi, ta ce kar ki ba Sinyora, gishirinsa zai kai ta asibiti.

Kin tambayi mara imanin da ya kafa dokar fita. Mahaifinki ne. Shi ya kafa ta tun yana shugaban tashar jirgin ƙasa, ya ce teburin da ba a fita daga gare shi wurin shan shayi ne.

Jiya aka yi. Ki kwantar da hankalinki tun daga nan, kujerarsa na nan daram.

Mun zauna da la'asar, an raba wa kowa kwabban roba daidai wa daida, talotalon yana ɗaure a tsakar gida yana ta surutu. Ni karta ta so ni jiya, kafin wani lokaci na tara tudu a gabana. Kawu kuwa ta juya masa baya, nasa suka yi ta zubewa har saura abin da bai cika tafin hannu ba. Sai ya tura su duka tsakiya ya naɗe hannu. In mutum ya tura duka ya gama magana, ba ya ƙarawa, ba ya janyewa, zama zai yi ya ga abin da za a buɗe. Mu biyu muka bi shi, ni da Zamfir mai kantin magani.

A nan akwai wata al'ada da ba a rubuta ba, amma kowa ya san ta. In mutum ɗaya ya tura duka, biyu suka bi shi, biyun nan ba sa sake zuba wa juna. Kowa ya ƙwanƙwasa tebur, a buɗe katunan tsakiya guda biyar kyauta, domin in wannan bai kayar da shi ba wancan zai kayar. A Alhamis ɗin fita abin ya fi ƙarfi, tunda da zarar ɗaya ya faɗi sauran sun tsira.

Aka buɗe ukun farko: sarki, da bakwai mai zuciya, da biyu mai zuciya. Ni kuwa sarki da sarauniya ke hannuna. Zamfir ya ƙwanƙwasa, ya leƙo ni ta saman tabarau yana jiran in yi haka. Ban yi ba. Na zuba, zubi mai nauyi. 

"Kai Sabin, ka kurɓa wani abu ne kafin ka fito?" in ji Zamfir. "Mutumin ya tura duka. Wa kake kora, ni?"

Na ce, "Ka bi ko ka kife, Malam Zamfir, ba layin karɓar magani muke ba."

Ya kife yana tsaki. Muka buɗe ni da Kawu. Takwas biyu gare shi, sarakuna biyu nawa sun fi. Kati na huɗu ya fito takwas, Kawu ya zama mai takwas uku. Na biyar ya fito huɗu mai zuciya. Kawu ya kwashe tulin kaf, ni ko kwabo ban samu daga ciki ba.

Nan Zamfir ya cusa hannu cikin kifaffun katuna, abin da ba a yi, ya zaro nasa ya buga a tebur. Masu zuciya ne duka biyun. Da ya zauna, da zukata biyar ya haɗa, su kuwa sun fi takwas uku.

"Jama'a ku duba!" in ji shi. "Da yaron nan ya bar ni, da yanzu Baba Ilarie yana laluben hularsa. Ɗan ƙanwa da kawunsa, ai ba makafi ba ne mu."

Daga nan ya shiga wasa da fushi, ya yi ta zuba a kan banza, kuma shi ya fara faɗuwa. Kujerarsa ta tafi. Talotalon ma ban samu ba, Viorica ta gidan waya ce ta ja shi gida.

Kawu ya ɗauki hularsa ya fita. Ya ƙi shiga motata, ya taka da ƙafa cikin dusar ƙanƙara. Yau da safe na je, bai buɗe mini ba. Kin san shi, zai huce.

Naki,
Sabin

Padova, 28 ga Disamba

Sabin,

Barka da Kirsimeti, Allah ya maimaita mana da lafiya. Zakuskar ta iso, ka ce wa Rodica na gode, kar ka cinye godiyar. Ni a kicin na yi nawa bikin, 'ya'yan Sinyora sun cika gida, na dafa, na wanke, na kuma dafa.

Kafin in buɗe takardarka labarin ya riga ya same ni. Jiya a filin da motocin gida ke tsayawa, Lenuta ƙanwar matar Zamfir ta tare ni gaban mata, ta ce, "Dorina, a gaishe da zuri'ar da ta iya riƙon zumunci, har a karta ba ku bar juna." Suka kwashe da dariya. Ta ce duk garin maganar ake, har a ƙofar coci. Na yi mata murmushi, amma da ƙasa ta tsage da na shige.

Na dawo na karanta taka a tsanake, na sake karantawa. Ka cika mini shafi da sarakuna da takwas-takwas don kar in gane, amma na gane. Na ce ka sa mini ido a kansa, kai kuma ka ɗauka cewa na yi ka cece shi ko ta wane hali. Ka kori Zamfir da gangan, ka zubar da naka don Baba ya zauna. Sabin, na yi kuka. Ban san kana ƙaunarsa har haka ba, kai da kullum kuke kamar za ku cinye juna a kan siyasa. Na gode, Allah ya saka maka.

Sai dai ka yi wauta, kuma ni na jawo. Baba zai iya haɗiye faɗuwa, ba zai iya haɗiye tausayi ba. Mutumin da ya ƙi karɓar sanda daga hannun likita, shi za a ce an bar masa kujera sadaka, a teburin da shi ya kafa wa doka? Wannan "zai huce" da ka rubuta a ƙarshe ita ta fi tsorata ni. Ya ci abincin Kirsimeti a gidanku ko bai zo ba? Ka gaya mini.

Ga shawarata. Ka je ka durƙusa, ka ba shi haƙuri, ka ce ni na sa ka. Ya yi fushi da ni, ina nesa, fushin ba zai iso ba sai ya yi sanyi. Ka rubuto da motar da za ta fara tasowa.

Taka,
Dorina

Gura Humorului, 3 ga Janairu

Dorina,

Barka da sabuwar shekara. Muna lafiya, yara na hutu suna neman rushe gidan. Gaisuwar ke nan, don raina a ɓace yake.

Mayar da godiyarki, ban ci ta ba. Zamfir ya zage ni na share, garin ya zage ni na share, amma ke ki zo ki yi mini kuka kina sa mini albarka a kan maguɗi? Wallahi zagin Zamfir ya fi mini daɗin ji. Da na zauna a teburin nan ko tunawa da takardarki ban yi ba. Talotalo nake so, Rodica ta riga ta sayi kayan haɗi.

Bari in koya miki abin da mahaifinki ya koya mini. In mutum ya tura duka, ba ka iya tsorata shi, domin ba shi da sauran abin da zai janye. Saboda haka wanda ya zuba a wannan wuri da hannun banza, don kawai ya firgita na ukun, jaki ne. Ya kori abokin farautarsa, kuma dole ya buɗe wofinsa gaban wanda ya tura duka. Da haka na yi, da Zamfir yana da gaskiya, da ke ma kina da dalilin kuka. Amma ni sarakuna biyu gare ni. A lokacin na fi Kawu, na fi Zamfir. Ga zukata biyu kwance a tsakiya, ga Zamfir yana lasar leɓe. In na ƙwanƙwasa na ba shi kati biyu kyauta ya nemi ta biyar, ya kwashe tulin da nake ganin nawa ne. Na zuba ne don in kore shi in cinye kawuna ni kaɗai. Takwas ɗin da ta fito ba ni na haife ta ba.

Yanzu ga amsar tambayarki. Bai zo Kirsimeti ba. Rodica ta kai masa sarmale, naɗin kabeji da nama, washegari ta tarar da kwanon a bakin ƙofa yadda ta ajiye, ya daskare. Ina da makulli, na shiga ranar Talata. Yana kwance ya juya bango, gemu ya fito, murhu a mace. Na hura wuta, na yi magana, abin da kawai ya ce shi ne, "Ka gaya musu su ba Zamfir kujerarsa, su ba wani tawa. Ba na zama a kan kujerar da aka bar mini sadaka." Ba zan ɓoye miki ba, irin kwanciyar waccan shekarar ce, kuma na ji tsoro.

Kika ce in durƙusa in ce ke kika sa ni. In na yi haka na tabbatar masa da abin da ke kashe shi, da bakina, kuma ƙarya ce. Ba zan yi ba. Zan ba shi kwana biyu, in bai tashi ba zan shiga in faɗa masa abin da ke raina game da shi a ranar, ba tare da na sa masa zuma ba. Ba zai ji daɗi ba. In zai tsine mini ya tsine.

Sabin

Padova, 25 ga Janairu

Sabin,

Ina fata kuna lafiya, tunda fata kaɗai ya rage mini.

Lahadi uku ina zuwa filin motoci ina komowa hannu wofi. An ce Costel ya maƙale a kan duwatsu, an ce motarsa ce ta lalace, kowa da abin da yake faɗa. Wayarka ba ta shiga. Ta gidan Baba ko ƙara ba ta yi. Na ga a talabijin ƙanƙara ta karya turakun wuta a yankinmu, na ce wa raina wannan ne dalili, raina ya ƙi yarda.

Layin ƙarshe na takardarka ya hana ni sukuni. Me ka faɗa masa? Mutumin da bai ci abinci ba, mai hawan jini, shi za ka shiga ka faɗa wa abin da ba zai ji daɗi ba? Lenuta ta samu yayarta a waya kafin layi ya yanke. Ta ce maƙwabta sun ji ihu daga gidan Baba har bakin titi, sun ji abu ya fashe. Ta kuma ce bayan 'yan kwanaki an ga Fada, limamin coci, ya shiga gidan da jakarsa. Ta faɗi wannan tana kallon ƙasa, Sabin, Lenuta da ba ta taɓa kallon ƙasa ba.

Na yarda ban fahimci kartarku ba, na kuma yarda na ɗora maka abin da ba ka yi ba. Ka yafe mini. Amma in wani abu ya sami Baba saboda kana son wanke sunanka na ɗan wasa, ban san yadda zan sake kallonka ba.

Na gaya wa 'yar Sinyora zan tafi gida ƙarshen wata. Ta ce ba za ta iya riƙe mini wurin ba, akwai wata 'yar Moldova da ke jira. Na ce na ji. Wannan takarda zan ba wani direban garin Suceava da ban sani ba, ya yi alkawarin zai ajiye ta a gidan waya wurin Viorica. In ta riga ni isowa, ka kunna murhun ɗakina.

Dorina

Gura Humorului, 29 ga Janairu

Dorina 'yar Kawu,

Ajiye akwatin nan. Kowa lafiya, Kawu lafiya, yanzu haka daga gidansa nake, na bar shi yana zagin rediyo. Koma wurin 'yar Sinyora tun 'yar Moldova ba ta shimfiɗa zaninta a gadonki ba. Costel zai taso gobe, motarsa ce ta yi mako biyu a gareji, wayoyi kuwa sai shekaranjiya aka gyara. Na rubuta miki wata tun tuni, tana nan a aljihun Costel ta sha man inji, ki jefar da ita, wannan ta fi ta labari.

Fada kuwa, ashe Italiya ta mantar da ke gida? Ruwan albarkar Janairu ya kai, irin wanda yake kai wa kowane gida. Ƙanƙara ce ta makarar da shi. Kawu ma ya tsare shi da gardama a kan ko karta zunubi ce in ba kuɗi, har ruwan ya kusa daskarewa a hannunsa.

Ihun gaskiya ne. Da safe na shiga, na ja kujera bakin gadon, na ce, "Kawu, ka ɗauka tausayinka na ji?"

Bai juyo ba.

Na ce, "To ka ji. Da sarkin nan ya fito, ni gawa na ɗauke ka. Ko lissafa ka ban yi ba. Na ce tsohon nan ya riga ya tafi, 'yan kwabbansa nawa ne, Zamfir kaɗai ne mutum a gabana. Har na fara tunanin wa zai gaji kujerarka, ina addu'a kar a ba mu Mircea mai warin tafarnuwa."

Sai na ga bargon ya motsa. Ya juyo a hankali, idanun nan sun faɗa, ya ce, "Gawa?"

Na ce, "Gawa. Wa yake tura duka da takwas biyu mutum biyu na bayansa? Sa'a ce ta cece ka, ba ni ba."

Kofin shayin da ke gefen gadon shi maƙwabta suka ji ya fashe. Allah ya so na sunkuya. Ya tashi zaune yana huci, ya ce, "Ɗan banza, ni na koya maka riƙe kati kana da majina a hanci! Miƙo mini karta, tana cikin aljihun kwat."

Ya shimfiɗa su a kan bargo, nawa, nasa, na Zamfir, da ukun tsakiya. Ya rufe na huɗu da na biyar da tafin hannu. Ya daɗe yana kallo. Ni kuwa na san hukuncin da zai yanke shi ne ko ya tashi ko ya koma ya kwanta. Can ya ce, "Nawa ka zuba?" Na faɗa masa. Ya ce, "Wanda ke son ceton mutum ba ya korar Zamfir da sarakuna a hannu, domin sarakunan su za su kashe wanda yake son ceta. Da wofi ake ceto." Ya ɗago ya harare ni. "Ashe da gaske cinye ni ka so yi."

Na ce, "Tun ɗazu me nake faɗa?"

Kar ki ɗauka ya wanke ni. Ya ce a kowace Alhamis zubin nan daidai ne, amma a ta fita kwaɗayi ne tsagwaronsa, domin ranar ba tuli ake nema ba, faɗuwar wani ake nema, kuma da shi ne a kujerata da ya ƙwanƙwasa ya bar Zamfir ya binne wanda ya tura duka. Na ce ai ni tudu gare ni, fita ba ta tsorata ni. Ya ce shi ya sa Viorica ta ci talotalo ni na ci wake. Muka yi ta yi har tsakar rana. A ƙarshe ya same ni da laifin haɗama da rashin tarbiyya, ya wanke ni daga laifin tausayi. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Yana cikin raba katunan hannunsa ya ɗauki rawa, suka zube. Ya kalli hannun da haushi, ya ce, "Matarka ta daina girki ne?" Na fita da gudu ko hula ban ɗauka ba. Rodica ta ce da ta gan ni a ƙofa ta zaci mutuwa aka yi. Kwano biyu na miyar kaza ya sha, ya ce gishiri bai ji ba.

Da ya samu ƙarfin fita, kantin Zamfir ya fara zuwa. Ban san abin da suka ce wa juna ba. Na dai san yanzu Zamfir ne ke raba mana karta duk Alhamis har shekararsa ta cika, yana rabawa yana gunaguni, kuma ya daina maganar zuri'armu.

Na yafe miki, amma fakitin kofi biyu za ki sa a kwali na gaba, ɗaya da sunana. Kawu ya ba ni takarda in haɗa da wannan. Ya liƙe ta da kansa, wai kar in karanta.

Naki, mai haɗama,
Sabin

Dorina 'yata,

Ina gaishe ki. Lafiyata lau, safa sun yi daidai, kofin ya kusa ƙarewa.

An ce kin ɗaure kaya za ki bar aikinki ki zo ki yi jinyata. Wa ya ce miki ina jinya? Na kwanta ne ina tunani, kuma na gama.

Ɗan Gwaggonki mugu ne, ki daina yi masa kallon mutumin kirki. Jiya Alhamis na tura duka da sarauniya biyu, hannu mai kyau, kar ya gaya miki wani abu daban. Shi da Viorica suka bi ni. Aka buɗe uku, Viorica ta ƙwanƙwasa kamar 'yar mutunci. Shi kuwa ya dube ni ido cikin ido, ya zuba, ya kore ta, ya buɗe goma uku. Babu abin da ya zo ya cece ni. Ya jawo kwabbaina gabansa yana jera su ɗaya bayan ɗaya, har da ce mini, "Kawu, ka gaida gida." Ni na fara fita, gaban kowa, tun shayi bai huce ba. Da a ce ta fita ce, da yanzu ba ni da kujera, kuma na ga a fuskarsa ko a jikinsa.

Na taka zuwa gida ina zaginsa a hanya. Na ci burodi da cuku, na ƙara. Rabon da in yi barci irin na jiya tun mahaifiyarki na da rai.

Na san kin tsorata, kuma ni na tsorata ki. Ki yi haƙuri da tsohonki. Ki zauna ki riƙe aikinki, ki zo da Ista kamar yadda kika saba, zan sa a yanka ɗan rago. In za ki sayi tikiti ki duba ranar da kyau, kar motarki ta iso ranar Alhamis. Ba zan samu zuwa tarbarki ba, akwai yaron da zan koya wa hankali.

Mahaifinki,
Ilarie